Kafaɗar Bawa da Fiffiken Zakara

Duk wanda ya san Birnin Kebbi ya san gari ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, amma a nan Allah ya ga dama ya ajiye mana Bawa, mutumin da ya wayi gari ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Dutse. Layinmu ɗaya da shi a Gesse, majalisarmu ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba ji-na-yi ba ne. Tun ranar da ya sayo wani keke na gwanjo mai ƙatuwar taya, irin wanda aka ce Turawa na hawan duwatsu da shi, unguwa ba ta sake hutawa ba. Ya sayi hular kwano, ya sayi wani matsattsen gajeren wando da ya sa dattawan layi suka riƙa kau da kai suna a'uziyya. Keken nan a falo yake kwana, kuma kafin Bawa ya wanke fuskarsa da safe sai ya goge shi tukuna.

Ana nan sai Bawa ya goce kafaɗar dama. A bakinsa, daga ƙololuwar tudun Dukku ya gangaro, ya kauce wa wani raƙumi, ya tashi sama ya yi juyi a iska. Washegari raƙumin ya zama biyu. Mu kuwa da muke zaune a majalisa mun ga komai da idonmu. A ƙofar gidansa ne, ya saki hannu zai ɗaga mana gaisuwa irin ta gwanaye, tayar gaba ta faɗa kwalbati, shi kuma ya bi ta.

Maƙwabcinsa Irimiya, wani mutumin Jos mai sana'ar walda wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, shi ya kwashe shi a a-kori-kurarsa tare da matar Bawa, Kulsumi, suka nufi Argungu wurin wani tsoho mai ɗori da ake kira Hodi. Hodi ya dafa, ya lalube, ya ja hannun nan ya mayar. Bawa ya saki wata ƙara da ta tashi tsuntsayen da ke kan bishiyar gidan.

Irimiya ya ce, “Sarkin Dutse, kuka ne?”

Bawa ya share hawaye da hannun hagu ya ce, “Kirari na. Ku mutanen Jos ba ku san kirari ba.”

To, Hodi yana da wata hanya ta aiki da ya gada a gidansu. Ba ya ɗora mutum shi kaɗai. Ya sa Kulsumi ta shiga kasuwa ta sayo jan zakara, ya kama fiffikensa na dama ya goce shi daidai inda na Bawa ya goce, ya ɗaure su duka biyu da kara da tsumma.

Ya ce, “Ka ga zakaran ga? Kai da shi ciwonku guda. Ranar da yab buga hiffike yah hau katanga da kainai, kahwaɗarka ta warke. Kahin ranar nan ko buta kak ka ɗauka da hannun ga, balle keke.”

Kulsumi ta gyara mayafi ta ce, “Baba Hodi, ku zan shaida, kai da Irimiya. Baban Rumaisa, in kas sake hawan keken ga kah hwaɗi, wallahi Zauro za shi. Ƙanena Muhammad Sani ya daɗe shina neman abin ɗaukar shanshera daga hwadama.”

Bawa ya zaro ido. “Shanshera? Keken da anka yi don duwatsun Turai za a aza ma buhun shinkahwa?”

“Awo. Shi ma ya ci arzikin aikin yi.”

Mai hankali da ya ji wannan sai ya koma gida ya kwanta. Bawa kuwa ko zama bai yi ba sai da ya biyo majalisa, hannu rataye a wuya, ya sanar da mu cewa ranar kasuwar Argungu ta ƙarshen wata zai gangaro daga gaɓar gulbi mafi tsayi a gaban jama'a, don duniya ta san Sarkin Dutse ya dawo. Bai tsaya nan ba, ya sa wani mai babur da lasifika ya zagaya har Ambursa yana shela. Sai da magana ta gama watsuwa sannan ya tuna cewa ba shi ke da ranar warkewa ba, zakara ke da ita.

Daga nan zakara ya zama babban mutum a gidan. Irimiya ne ke kawo mana rahoto kullum, domin ta kan katanga yana jin komai. Bawa ya ce tsaba abincin talakawan kaji ce, ya koma ba shi soyayyen kifi da dafaffen ƙwai da madarar gwangwani. Ya shafa masa man zafi har zakaran ya yi ta atishawa. Ya kai shi kemis ya ce a yi masa allurar ƙarin ƙarfi, mai kemis ya kore su su biyun. Ya shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin fanka, shi kuma ya zauna a rana. Da ya gani a waya yadda masu ciwon kafaɗa ke motsa hannu, sai ya kwance ɗaurin da Hodi ya yi wa fiffiken, ya zauna gaban zakara yana ɗaga hannun hagu yana cewa, “Sama! Ƙasa! Sama!” Zakara ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, ya ci gaba da cin kifinsa.

Kulsumi ta leƙo daga kicin ta ce, “Baban Rumaisa, ni da nike dahwa kihin ga ko kai ban samu ba.”

“Ke ka da ciwon hiffike?”

“A'a, ni ciwon kai gare ni, kuma na san wanda yab ba ni shi.”

Abin da aka samu dai shi ne zakara ya yi ƙiba har tafiya ta zame masa aiki. Bawa ya ɗauke shi ya cilla sama don ya tuna masa da tashi, ya faɗo ta ɗaya gefen cikin bahon wankin Kezia, matar Irimiya. Ya ari kazar Kezia ya ɗora a kan katanga ko sha'awa za ta ja shi, zakara ya dubi kazar, ya dubi kwanon madara, ya zaɓi madara. Ya jingina katako daga ƙasa zuwa saman katanga ya zuba gyaɗa a kai, zakara ya taka a hankali yana tsinta har ya kai rabi.

Bawa ya yi ihu, “Ya hau! Kulsumi, hito ki shaida!”

Ta ce, “Da ƙahwa yah hau. Kai ma ƙahwarka lahiya lau take. Baba Hodi hiffike yac ce.”

Wata ya kusa ƙarewa, mutane na tsayar da Bawa a hanya suna tambayar ranar. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa kowa sai shi. Hodi ya ce katanga, amma bai faɗi tsayinta ba.

Irimiya ya dawo daga shago da la'asar ya tarar da layin bulo na sama ya ɓace. Washegari wani layin ya bi shi. Ranar da ya fito tsakar gida da tawul a ƙugu ya yi ido huɗu da Bawa yana tsaye a nasa gidan da guduma a hannun hagu, sai haƙurinsa ya ƙare.

“Maƙwabci, ina katanga?”

“Tana nan. Rage mata girman kai nike yi.”

“Katangan nan tare muka gina shi fa!”

“Tau, rabina nike ɗebewa.”

“Rabinka ne na sama?”

“Da na ƙasa nac cire, mi za ya riƙe naka? Ka gode mani.”

Kafin a yi haka katanga ta dawo iya gwiwa. Awakin Irimiya suka tsallako suka cinye kuɓewar da Kulsumi ta shanya. Matan gidajen biyu suka daina zagayawa ta ƙofa, sai dai su miƙa wa juna gishiri daga zaune. Zakara kuwa ya zo ya dubi guntuwar katangar, ya kwanta a inuwarta ya yi barci.

To, ashe Kezia ma tana da nata jan zakaran, wani siriri mai yawon tsiya wanda ba ya wuni a gida. Ranar da matan zumunta na cocinsu za su zo mata, ta fito neman sa, sai ta ga jan zakara zaune a bakin kicin ɗinta, ya biyo ta wani giɓi da guduma ta yi. Ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta gode wa Allah da wannan albarka, ba ta ma tsaya mamakin yadda ya yarda aka kama shi ba gudu ba. Ta aika wa ladanin masallacinmu ya yanka, kamar yadda suka saba don maƙwabta su samu su ci. Da farfesu ya nuna ta zuba kwano guda ta miƙa wa mara lafiya ta kan katanga, ta zaɓa masa fukafukan duka biyu, tunda ciwon kafaɗa yake yi.

Bawa ya cinye tas, ya tauna ƙashi, ya lashe yatsu. Ya ce, “Madam, wanga zakara ya ci daɗin duniya. Kai ka ce da madara anka tashe shi.”

Da gari ya waye, siririn zakaran Kezia ya dawo daga yawonsa, ya yi tsalle ya dira a kan katanga, ya buga fukafukai faf-faf-faf, ya yi cara. Bawa na tsugune yana wanke baki. Ya watsar da asawaki, ya tsinke tsumman wuyansa, ya fito layi ba takalmi yana kabbara.

Kulsumi ta dubi zakaran da kyau ta ce, “Ya rame hwa, Baban Rumaisa. Jiya ba haka yake ba.”

“Atisaye na! Kitse ya narke, ƙarhi ya zo.”

A ɗaya gefen Kezia ta ga zakaranta da rai, ta tuna wanda ta dafa, ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Irimiya ya bi Bawa har majalisa yana ja masa riga.

“Maƙwabci, na ce ba, akwai magana a kan zakaran nan.”

“Hassada ta. Kuna da duwatsu garinku, amma ba ku da Sarkin Dutse.”

“Ka saurare ni dai, zakaran da ka gani...”

“Ka zo Argungu ka sha kallo. Ka taho da Madam.”

Irimiya ya koma ya faɗa wa Kulsumi gaskiya. Ta ɗauki waya ta kira ƙanenta a Zauro ta ce ya same su Argungu ranar kasuwa, ya taho da igiya.

Ranar kuwa Argungu ta cika. Mu 'yan majalisa muka cika mota, masunta suka jawo jiragensu bakin ruwa, masu kifi suka bar rumfuna, mata masu shanyar albasa a ƙasan gangaren suka tashi tsaye. Can saman gaɓa ga Bawa da hular kwano da wandon nan nasa, ya ɗaure zakara a cikin kwando a gaban keke a matsayin shaida. Ya karɓi lasifika ya fara ba da labarin Dukku. A ranar raƙuman sun kai garke guda, har da makiyayinsu.

Yana cikin haka sai ga Hodi ya ratso jama'a yana dogara sanda. Bai ko dubi Bawa ba, ya sa hannu cikin kwando ya lalubi fiffiken dama, ya lalubi na hagu, ya ɗago kai.

“Wanga ko targaɗe bai taɓa yi ba. Ina zakarana?”

Bawa ya manta lasifika na bakinsa ya ce, “Shi na, Baba. Ramewa yay yi.”

“Ramewa na sake ma zakara ƙashi? Ina wanda niɗ ɗora?”

Kezia ta fito daga bayan mijinta tana murza hannu ta ce, “Baba, a yi haƙuri. Mun dafa shi.”

“Kun dahwa shi! Wa ac ci hiffiken dama?”

Kezia ta nuna Bawa da baki.

Wani tsohon masunci ya riƙe haɓa ya ce, “La ilaha illallahu! Mutum ya cinye kahwaɗatai!” Magana ta bi gaɓa daga baki zuwa baki har ƙasan gangare, masu dariya na yi, masu salati na yi. Wata mai kifi ta tambaya ko da yaji ya ci.

Ni dai na ji tausayinsa a lokacin, domin na ga gumi na bin ƙasan hular kwano, na ga ya dubi keken nan kamar zai yi kuka. Da ya sauko a nan, da ya tsira da kekensa, dariya ce kawai za ta bi shi gida. Amma Bawa ne. Ya gyara murya ya ce, “Jama'a, ku ba ku gane ba. Da can magani na waje, yanzu ya shiga ciki. Ƙarhin zakara dut shina jikina.”

Hodi ya ce, “Tau ɗaga hannun mu gani.”

Bawa ya ɗaga, hannu ya kai daidai aljihu ya tsaya.

“Iyakatai ke nan?”

“Sarki ba shi ɗaga hannu sama. Ku ba ni hanya!”

Ya taka feda. Keke ya leƙa gangare ya tafi. Tun a tashin farko murfin kwando ya buɗe, zakaran Kezia mai lafiyayyun fukafukai ya fito ya manne a fuskar Bawa yana faf-faf, ƙafarsa ɗaure da igiya ba halin gudu. Bawa ya nemi birki da hannun dama, hannu ya ce bai san zancen ba. Ya damƙe na hagu, tayar gaba ta ƙame, ta baya ta ɗaga, ta sauka, keke ya canza hanya da kansa. Ya ratsa shanyar albasa, mata suka watse suna tsinuwa. Ya shiga ƙarƙashin igiyar da aka rataye kifi, ya fito da sarƙar busasshen tarwaɗa a wuya. Wani jaki da ke shan ruwa ya ɗaga kai, Bawa ya yi masa ihu, “Kauce, raƙumi!” Jaki bai kauce ba, keke ne ya kauce, ya hau wani jirgi da aka kife a bakin ruwa, ya tsaya cak a cikin taɓo. Bawa bai tsaya ba. Wannan karon kam ya tashi sama, ya yi juyi a iska, mun shaida, sannan ya faɗa gulbi.

Masunta ba su yi wata-wata ba, suka watsa taru suka jawo shi gaɓa yana tari, hular kwano cike da ruwa. Ɗaya ya ce bana bai kama mai nauyin wannan ba, wani ya ce a mayar da shi, irin wannan ba ya sayuwa. Hodi ya tsuguna ya dafa shi. Kafaɗar dama ta sake gocewa, ta hagu ma ta bi 'yar'uwarta.

Bawa ya buɗe ido ya ce, “Kun ga juyin?”

Kulsumi ta ce, “Mun gani. Kai ma ga naka kallo.”

Ya juya kai. Muhammad Sani ya riga ya ciro keke daga taɓo, ya ɗaure buhun shanshera a kansa da igiya, ya hau, yana taka gangaren nan zuwa sama a hankali yana gaisawa da mutane. Bawa ya yi ƙoƙarin miƙa hannu, babu wanda ya amsa a cikin biyun. Sai ya fashe da kuka na gaske, wanda ko shi bai ce kirari ba ne.

“Kulsumi, don girman Allah! Ki ce a maido shi. Na tuba, sai na warke sarai.”

Ta kafa masa ido, har muka ɗauka zuciyarta ta karye. Ta ce, “Tau, na ji. Baba Hodi, a sake ɗori. Ranar da tsuntsun yab buga hiffike yah hau katanga, ni da kaina za ni Zauro in ɗauko ma kekenka.”

Bawa ya washe baki cikin hawaye. “Allah shi yi miki albarka! A samo tantabara, Baba, ko zabo. Mai saurin tashi.”

Kulsumi ta ce, “Kai mara lahiya na, kwanta. Ni ka zuwa kasuwa.”

Ba ta daɗe ba sai ga ta ta dawo, mai baro na biye da ita. A cikin baron wata farar kazar gidan gona ce, irin waɗanda ake kiwo don nama, ƙirjinta ya fi ƙarfin ƙafafunta. Aka sauke ta a gaban Hodi. Ta yi taku ɗaya, ta zauna daɓas, ta buɗe baki tana haki.

Bawa ya daɗe yana kallon ta. Ya ce da ƙaramar murya, “Baba Hodi, wagga tana tashi kuwa?”

Hodi ya jawo kara da tsumma ya ce, “Ni dai ban taɓa gani ba. Miƙo kahwaɗa.”